Wa ke da hakkin tare sigina, laburare ko mai shiri?

Malam Habibu: Ina nan a kan ra'ayina cewa laburare (tarin lambar kwamfuta da masu shiri ke ɗauka su saka a nasu shirin) da ke rubuta bayanai a faifai yana da hakkin tare siginonin SIGINT da SIGTERM (saƙonnin da ake aika wa shiri don ya tsaya) da kansa, domin idan aka danna Ctrl+C, wanda ke aika SIGINT, ana tsaka da rubutu fayil zai lalace, kuma laburaren ne kaɗai ya san abin da bai kammala ba.

Injiniya Zainab: Malam Habibu, damuwarka tana kan hanya, amma maganin ya fi cutar illa. A Linux, kowace sigina mai tarba (aikin da ke gudana idan siginar ta zo) ɗaya tak gare ta a duk faɗin shirin, kuma wanda ya ɗora nasa daga baya shi ke ture na farko ba tare da gargaɗi ba. Mai shiri zai danna Ctrl+C, ya jira KeyboardInterrupt (kuskuren da Python ke jefowa idan an danna shi), shiru. Masu harsunan rubuta shiri ma sun ga wannan matsala: wanda ya cusa Python cikin shirin C yana iya kiran Py_InitializeEx(0) don kada ta ɗora masu tarbarta, Java kuma tana da zaɓin -Xrs da ke rage siginonin da take tarewa.

Malam Habibu: Ai laburare zai iya ajiye mai tarba na baya, ya kira shi idan ya gama nasa aikin.

Malam Usman: Wannan dabara tana tafiya ne kawai idan kowa ya bi ta. Bayan haka, Python ba ta yarda a kira signal.signal, mai ɗora mai tarba, sai a babban zare (main thread, layin aikin da shiri ke farawa da shi), in ba haka ba sai ta jefo kuskuren ValueError, shi kuwa laburare bai san a wane zare za a ɗauko shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne SIGKILL mai kashe shiri nan take da SIGSTOP mai dakatar da shi, waɗanda babu shirin da ke iya tare su. Umarnin docker stop, mai tsayar da shirin da ke gudana a cikin manhajar Docker, yana aika SIGTERM, ya jira daƙiƙa 10, sannan ya aika SIGKILL. Mai son fayil ya tsira sai ya rubuta a fayil na wucin gadi, ya kira fsync don bayanan su sauka a faifai, sannan ya sauya masa suna da rename.

Malam Habibu: Na karɓi batun rename, amma ku lura cewa SIGTERM yana kashe shirin Python ba tare da finally ko atexit, masu ayyukan ƙarshe kafin a rufe, sun gudana ba, kuma yawancin masu amfani da laburare ba su san haka ba.

Injiniya Zainab: To laburaren ya samar da aikin rufewa, ya bayyana shi ƙarara a takardunsa, mai shiri ya haɗa shi da SIGTERM da hannunsa.

Malam Habibu: Wanda bai karanta takardun ba fa, wa zai kare bayanansa?