Bonet ɗin motata yana rawa in na taka wuta, dole ne sai na sa fil?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema, abin nan ya tsaya mini a rai. Yayana da ke Amurka ne ya turo mini Mustang ta 2015, shi ya saya ni kuma na biya diyuti a tashar jiragen ruwa ta Tema, sai da na sayar da tsohuwar motata na haɗa da abin da na tara a shago, har Hajiyarmu ta yi fushi ta ce me zan yi da mota mai ƙofa biyu ga aure na tafe bayan babbar sallah, in an tashi zuwa suna ko gaisuwa a ina dangi za su zauna, to wannan dai mun wuce shi ta sa albarka. Motar ta daɗe a Magazin, unguwar makanikai ta Suame a Kumasi, ana haɗa ta, bonet ɗin da ke kanta yanzu na kabon faiba ne mai hujin shan iska, ta intanet na saya kuma na ji a jikina. A cikin gari lafiya lau. Amma ranar Asabar na ɗauki hanyar Accra, ina wuce Ejisu na ɗan taka, sai na ga kusurwar bonet ta gefena tana ɗagawa tana komawa, har haske nake gani tsakaninta da fenda. Gabana ya faɗi, a Konongo na juyo a hankali. Wani abokina ya ce sai an sa masa fil irin na motocin tsere, wato 'yan ƙarafan da ke danne bonet ta waje, a huda bonet a wuri biyu. Ni kuma wallahi raina bai so a kai masa dril. Shin dole ne, ko akwai wata dabara?

Masta Suame:
Wa alaikumus salam. Ƙanena kafin a yi maganar fil amsa min wannan, me ya samu bonet ɗin da motar ta zo da shi? Na 2015 alminiyam ne, ba nauyi gare shi ba, ba wanda zai cire shi haka kawai. Motar ta bugu ta gaba ko?

Ɗan Aboabo:
Masta ta ɗan bugu amma ba sosai ba, iyabag ma ɗaya ne ya fashe, kuma streta, mai gyaran bodi, ya miƙe komai tsaf, in ka gan ta ba za ka ce an taɓa ta ba.

Masta Suame:
To ka ga inda maganar take, ita ya kamata ka fara faɗa. Kowane bonet abu biyu ke riƙe shi. Akwai lok na farko da kake jan waya daga ciki ya saki, akwai ƙugiya ta biyu wadda sai ka zura yatsa ta gaba ka ture ta. A Amurka doka ce, duk bonet da ke buɗewa ta gaba ya tare wa direba gani sai yana da mariƙi na biyu. Lok ɗin nan kuwa a jikin ƙarfen da ke saman radiyeta yake zaune, shi ne kuma ƙarfen da ke fara lanƙwasa in mota ta yi karo. Streta zai ja shi da sarƙa ya buga guduma ido ya ga daidai, amma in ya kauce ko da kaurin tsabar kuɗi ne lok ba zai ciji da kyau ba. Sai ka zo ka ɗora faiba a kai. Bonet na ƙarfe madaukin da ke shiga lok a jikin ƙarfe yake, na faiba kuwa gam da ribit ne suka riƙe shi, zafin inji na dukansa kullum, ramukan hanya na girgiza shi. Masu ƙera irin waɗannan bonet ɗin da yawansu da kansu suke rubutawa a sa fil. Kuma iska ba wasa ba ce, in ka ninka gudu ƙarfinta sau huɗu yake ninkuwa, abin da ya zauna lafiya a 60 ba shi ne a 120 ba. Ka sa fil. Ban da wata magana bayan wannan.

Abban Hanifa:
Masta da girmanka amma ni ban yarda a fara da huji ba. Ku 'yan Magazin abu kaɗan ku ɗauko dril. Akwai robobi biyu a kusurwar gaba da bonet ke kwanciya a kansu, murɗa su ake su hau ko su sauka, in sun yi ƙasa dole kusurwa ta yi rawa ko da lok lafiya yake. A murɗo su sama, a saita lok, a sa giris a ƙugiya, a gwada tukuna. Ni fa wani fita ya taɓa huda mini dashbod wai zai ɗaura rediyo, har yau in na kalli wurin sai raina ya ɓaci, da na yi magana cewa ya yi ai aiki ya yi kyau, kuɗina ma bai rage mini ko sidi ɗaya ba.

Masta Suame:
Alhaji roba tana hana rawa, ba ta hana madauki tsinkewa daga jikin faiba. Na ga motar da bonet ya tashi mata a hanya da idona, ya naɗe kan gilashin gaba ya farfasa shi, ya lotsa rufi, hinji biyu duk sun murɗe baya. Direban bai ga komai ba sai baƙi, Allah ne ya sa ba babbar mota a bayansa. Ko a gasar rali dokar FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, cewa ta yi a ƙara aƙalla mariƙi biyu a bonet, su da injiniyoyinsu.

Ɗan Aboabo:
Amma Masta ni ba tsere nake ba fa, kuma wanda ya sayar mini ya ce nasa mai inganci ne ba irin na banza ba, hotunan da ya turo mini ba mota ko ɗaya mai fil. Sannan in an huda ruwan sama ba zai riƙa shiga ba? Kun san damina a Kumasi.

Maman Zainab Asawase:
Ɗana ni ban san bonet ba ban san fil ba, amma tambaya ɗaya, gudun nawa kake yi da har murfin mota yake tashi? Hanyar Konongo ɗin nan gawa nawa aka kwaso a kanta. Ɗan ƙanwata shekararsa ta biyu ke nan yana ɗingishi saboda wani yaro mai irin motarku da ya kwashe shi a kan babur, iyayen yaron sau ɗaya suka leƙo asibiti ba su sake waiwayarmu ba, mu muka yi ta biyan magani. Ga aure a gabanka, ka ji tausayin Hajiyarku.

Ɗan Aboabo:
Mama Allah Ya ba shi lafiya, wallahi ni ba mai ganganci ba ne, hanya ce ta buɗe ba kowa.

Sojan Nima:
Bai faɗi gudun ba dai har yanzu. Babbar hanya 90 ne doka, motowe ɗin Tema ne kaɗai 100. Ni shawarata ka manta da faiba, ka sa a nemo maka bonet hom yus, wato na hannu daga ƙasar waje, na asali a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra a fesa masa fenti, magana ta ƙare. Fil ɗin nan wata fitina ce, mu nan wani ya sa sai ya cire lok gaba ɗaya wai ya zama ɗan tsere, dare ɗaya aka zare fil aka ɗauke masa batir a ƙofar gida. Kuma ranar da yaron wanki ya duba maka ruwa ya manta bai mayar da fil ba fa? Ga 'yan sanda, duk abin da suka gani baƙo a jikin mota sai sun tsayar da kai.

Masta Suame:
Wa ya ce a cire lok? Lok yana nan, ƙugiya tana nan, fil ƙari ne. Ɓarawo sai ya shiga mota ya ja waya kamar kullum. Kuma akwai irin AeroCatch da ke kwanciya daidai da fuskar bonet, har da mai makulli. Abin lura ɗaya ne, sandar fil a jikin ƙarfe mai ƙwari ake ɗaure ta da noti sama da ƙasa, ba a jikin roba ko falange ba, sannan a auna da kyau kafin a huda don faiba in ka kuskure ba a cike shi ya koma yadda yake. Waɗanda ake mannawa da gam don ado kuwa ba su riƙe komai. Ruwa kuma ai bonet ɗinka da hujin iska ya zo, me ƙaramin hujin fil zai ƙara?

Abban Hanifa:
Na asalin ma ba a barinsa ba kulawa, Nissan ai sun kira Altima na 2013 zuwa 2018 a Amurka saboda tsatsa tana maƙale ƙugiya ta biyu. Shi ya sa nake ta cewa a duba lok tukuna. Ɗan Aboabo ka ja waya bonet ya saki, sai ka ɗaga shi da hannu ba tare da ka taɓa ƙugiya ba, ta riƙe ko ta sake?

Ɗan Aboabo:
Alhaji motar tana wurin mai fenti yanzu ana gyara bamba, sai na karɓo. Maganar hom yus kuma gaskiya ba zan iya ba, kuɗin da na zuba a wannan bonet ɗin in na ajiye shi wa zai saya, kuma shi ne kyan motar. Ba wanda ya san wani gam mai ƙarfi da za a ƙara wa madaukin ta ciki ba sai an huda ba?

Masta Suame:
Gam ne ya riƙe shi tun farko ai. Kawo ta in gani da idona.

Sojan Nima:
Wai tsaya, waye ya yi maka kiliyarin a Tema, nawa ka biya duka? Ina da wata tana kan ruwa.