Neman kalma: me za mu kira «base» a darasin lissafi?

Malamin Garwa: Salamu alaikum. Ranar Asabar zan koya wa yaran unguwa lissafi da Hausa, kuma na maƙale. Ina so su ga cewa goma sha uku ana rubuta ta 13 a base 10, 23 a base 5, 1101 a base 2, alhali adadin bai canja ba. Me zan kira base ɗin, wato adadin da in ƙirga ya kai shi ake buɗe sabon gurbi a rubutun lamba?

Ɗan Kusuri: Tushe. Tushe goma, tushe biyu, shi ke nan.

Hajiyar Marwa: Ko gindi.

Ɗan Kusuri: Hajiya, ki ce wa 'yan shekara sha biyu "gindi biyu" ki ga ko za a yi karatu ranar.

Akawu: Ku bar shi baz kawai. Da Faransanci za su rubuta jarrabawa.

Baban Njamena: A'a, ɗana. Kullum aro, kullum aro, sai ka ce Hausa ba ta da baki. Turke ne. Na daɗe ina faɗa, a jikin turke ake ɗaure ƙidaya.

Akawu: Allah ya ja kwana Baba, sifili Larabci ne, ashirin da talatin ma haka. Kalmar lamba ita kanta ta aro ce.

Baban Njamena: Kakanninmu na cewa hauya maimakon ashirin, gomiya uku maimakon talatin. Mu muka zubar.

Malama Ngawundare: Ni tushe ne ban yarda da shi ba. Yaro zai ɗauka asalin adadin ne ya sauya, alhali rubutunsa ne kawai. Ku ba shi tsinken tsintsiya goma sha uku, ya ɗaure biyar-biyar: ɗauri 2, saura 3, ga 23 ta fito. Ɗauri biyar ya cika, a haɗa su babban ɗauri, a buɗe sabon gurbi. Daga nan zai rarrabe halin adadi da halin rubutu. Goma sha uku ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta, ko yaya aka rubuta ta. Amma a ce lamba mai ƙarewa da 1 mara ce, wannan ba ko'ina ba. A ɗaurin biyar 11 shida ce, cika ce. Dabarar tara ma haka: a ɗaurin goma ka haɗa lambobin ka ga ko tara za ta raba, a ɗaurin biyar huɗu ce ke wannan aikin. 22 sha biyu ce, 2 da 2 huɗu.

Ɗan Kusuri: A Najeriya fa me suke cewa? Kada mu yi namu daban.

Hajiyar Marwa: Sai Kano ta sa hannu kafin mu yi magana? Mu da muke ƙirga kuɗi da dala, sefa biyar-biyar, mu za a koya wa?

Malama Ngawundare: Hajiya, dala awo ce. Dala ashirin sefa 100 ce, amma da goma-goma kike ƙirga dalolin. Fillanci ya fi kusa: jeeɗiɗi biyar da biyu, jeetati biyar da uku.

Baban Njamena: To ɗaurin nan, a jikin me ake ɗaure shi in ba turke ba?

Malamin Garwa: Na gode duka. Zan ce ɗauri a baki, in rubuta base a allo saboda jarrabawa. Baba, a yi haƙuri.

Baban Njamena: Na ji. Amma ƙidayar sittin-sittin ta mutanen Babila na da, wadda ta bar mana minti da daƙiƙa, ita turke zan ci gaba da ce mata.