Allunan tarihi na bakin hanya a kewayen Eureka, jihar Nevada ta Amurka: ta ina zan fara?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum. Ina shirin bin babbar hanya mai lamba 50 daga Reno zuwa Ely a watan Mayu, kuma ina so in kwana a Eureka saboda allunan tarihin da aka kakkafa a garin da kewayensa. Yaya ake gane na gwamnati daga waɗanda ba nata ba? Wanne ya kamata in fara karantawa? Kuma ƙaramar mota za ta kai ni ko'ina?

Malam Na-Allah:
Wa alaikumus salam, Baban Ilham. Na jihar ba su da wuyar ganewa. Yawancinsu ƙarfe ne da aka yanka da siffar taswirar Nevada, an shafa masa shuɗin fenti, rubutun kuma yana kan faranti a tsakiya, da lambar allon a ƙasa. An fara kafa su a 1964, lokacin da jihar ta cika shekara 100, yanzu sun haura 260, kuma ofishin adana kayan tarihi na jihar ne ke kula da su. Za ka kuma ga ƙananan farantan da ƙungiyar masu sha'awar tarihi ta E Clampus Vitus ke mannawa a jikin dutse ko bango. Su ma a karanta, amma ba sa cikin jerin lambobin jiha.

Shawarata kada ka bi su yadda titi ya jero su. Ka fara da allon garin kansa, domin sauran duk a kansa suka dogara. An gano azurfa a wurin a 1864, sai dai a haɗe take da darma, kuma injinan daka dutse da ake amfani da su a sauran garuruwan Nevada ba sa iya raba su. Dole sai an narkar. Daga 1869 aka samu murhun da ya yi aiki, kafin shekara goma murahun narkarwa sun kai 16, mutanen garin sun kai kimanin 9,000, hayaƙi ya sa ana kwatanta shi da Pittsburgh, birnin masana'antun ƙarfe. Yau mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne.

Idan ka riƙe wannan, gine-ginen babban titi za su yi maka bayanin kansu. Gobara ta ci garin a 1879 ta sake ci a 1880, shi ya sa abin da ya rage na jan bulo ne: ginin jaridar Eureka Sentinel na 1879 wanda yanzu gidan tarihi ne, kotun gunduma, da gidan wasan kwaikwayo na 1880. Da ƙafa za ka zaga su duka.

Injiniya Sule:
Malam ya yi bayani, amma akwai abin da allunan ke taƙaitawa, kuma a ganina shi ne zuciyar labarin: gawayi. Murhu ba ya narkar da tama sai da gawayi mai yawan gaske, kuma babu kwal a kusa. Masu ƙona gawayin, galibinsu 'yan Italiya da 'yan Suwizalan masu jin Italiyanci, sun sare itatuwan duwatsun yankin har kusan mil 50 daga gari. Duk sanda daji ya ƙara nisa, kuɗin dako ya ƙaru, abin da ke shiga aljihunsu ya ragu. A 1879 suka nemi a riƙa biyansu santi 30 a kan kowane awon gawayi, kamfanoni suka ƙi, sai masu gawayin suka hana amalanke ɗaukar kaya. A watan Agusta na shekarar 'yan sandan gunduma suka harbe biyar daga cikinsu a Fish Creek, kudu da gari. Wanda ya karanta adadin azurfar da aka fitar bai san wannan ba, rabin labari ya ji.

In kana son ganin yadda ake aikin, ka ƙarasa murahun gawayi na Ward, kudu da Ely. Guda 6 ne, na dutse, tsayin kowanne ƙafa 30, faɗin gindinsa ƙafa 27, an gina su a 1876 aka yi aiki da su zuwa 1879. Ana cika murhu da itace ta ƙofar ƙasa da tagar sama, a kunna, a rufe ƙofofin, sai a riƙa sarrafa iska ta ƙananan ramukan da ke kewaye da gindi har kwana 12 ko makamancin haka. Iska ta yi yawa, itacen ya zama toka. Ta yi kaɗan, ya fito ɗanye.

Batun mota: allunan da ke kan hanya ta 50 da ta 278 duk kwalta ce, ƙaramar mota ta isa. Hanyar Ward kuwa ƙarshenta tsakuwa ce, kuma yawancin kamfanonin hayar mota sun hana sauka daga kwalta a yarjejeniyarsu, ka duba taka. In an yi ruwa kada ka shiga hanyar ƙasa, laka ce mai kama taya. Tsakanin garin Austin, wanda za ka ratsa a hanya, da Eureka mil 70 ne, daga Eureka zuwa Ely kusan 77, kada ka sa ran gidan mai a tsakani, sabis ɗin waya ma yana ɗaukewa. Ka cika tanki a kowane gari, ka ɗauki ruwa lita 4 ga kowane mutum a rana, ka sauke taswira a waya tun kana Reno. Eureka tana kan tudu na kusan mita 2,000, dare yana sanyi ko a Mayu.

Maman Khalil:
Yaya Baban Ilham, ni ɓangaren kiwo zan taɓa, don allunan sun fi ba ma'adinai muhimmanci alhali kiwo ne ya riƙe garin bayan manyan murahun sun rufe wajen 1890 da 1891. Ka hau hanya ta 278 arewa zuwa kwarin Diamond. Ta nan mahaya dawakin wasiƙu na Pony Express suka ratsa a 1860 zuwa 1861, kuma can gaba tsohon garin Palisade yake, inda siririn layin dogon da ya iso Eureka a 1875 yake haɗuwa da babban layi. An daina aiki da siririn layin a 1938. Makiyayan tumaki 'yan ƙabilar Basque daga iyakar Sifen da Faransa sun daɗe a duwatsun nan. Korayen da'irorin da za ka gani a kwarin gonakin ciyawar dabbobi ne da ake shayarwa da ruwan rijiyar burtsatse, kuma ruwan ƙasan ya ja baya har jihar ta sa kwarin cikin kulawa ta musamman a 2015.

Yankin buɗaɗɗen makiyaya ne, shanu na hawa titi, kuma a dokar Nevada in ka buge saniya a irin wannan wuri mai ita ba zai biya ka ɓarnar motarka ba. Kada ka yi tuƙi bayan magariba. In ka iske ƙofar shinge, ka bar ta yadda ka same ta, a buɗe ko a rufe. Kada ka leƙa tsohon ramin haƙa, katakon bakinsa ya ruɓe kuma iskar ciki na iya kashe mutum. Tsohuwar kwalba ko ƙarfen da ya haura shekara 100 a ƙasar gwamnatin tarayya, dokar 1979 ta hana ɗauka.

Wajen hoto, farantin yana ƙyalli, rana ta kuma dusashe rubutun wasu, wasu ma harsashi ya huda su. Ka kashe fitilar kamara, ka tsaya ta gefe ka sa inuwarka a kan rubutun, ka ɗauki lambar allon daban. Ƙura ta rufe, ruwa da tsumma mai laushi kawai, ban da alli ko burushin waya. Wanda ka iske ya karye ko an sace farantinsa, ka aika wa ofishin jihar lambarsa da hotonsa da inda yake.