Ekzima ta hana ni sana'ar lalle

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙunshin amare nake yi a garin Gadarif na ƙasar Sudan, da shi nake ciyar da yara. Yanzu yatsuna sun tsattsage, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito, ƙaiƙayi ya hana ni barci. Likita ya ce ekzima ce, baƙin rini mai sinadarin PPD da muke haɗawa da lalle ne ya jawo ta.

Na shafa maganin hydrocortisone da Vaseline, ya lafa, ina komawa aiki ya dawo. Safar hannu ta roba kuwa gumi take tara min, abin ya ƙaru. Kuɗin magani ya cinye ribata, amare suna ganin hannuna sai su janye nasu, alhali ba a ɗauka.

Wace irin safar hannu ce ke tare rinin nan, ba tare da ta hana ni zane ba?