Me za mu kira "geocaching" da Hausa?

Jama'a, salamu alaikum. Ranar Asabar ƙanena da ke karatu a Faransa ya turo mini hoto. Yana tsugune a gindin wani ginin kankare a gaɓar tekun Normandi, riƙe da 'yar roba da ba ta fi gwangwanin tumatir ba. A cikinta akwai takarda nannaɗe kamar laya, cike da sunaye da kwanan wata. Na ce wannan fa? Ya ce, "Yaya, geocaching muke yi." Na ce to faɗa mini da Hausa. Sai ya turo mini dariya kawai. Shi ya sa jiya na kawo maganar gabanku, na nemi ku ba shi suna da Hausa.

Ga yadda wasan yake. Wani zai ɓoye mazubi a wani wuri, ya sa lambobin GPS na wurin a intanet. Kai kuma ka bi lambobin da wayarka har ta ce ka iso, daga nan sai ido da lalube. In ka samu, ka sa hannu a takardar, ka mayar da abin daidai inda yake. In ka ɗauki wani abu daga ciki, ka bar wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi.

A farkon Mayun 2000 ne gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula da gangan, wadda a da kuskurenta kan kai mita 100. Ranar 3 ga watan wani Dave Ulmer ya ajiye baƙin bokiti a kusa da Beavercreek ta jihar Oregon, da littattafai da gwangwanin wake a ciki, don ya gwada ko wani zai gano shi. Aka kuwa gano. Yau irin waɗannan mazubai sun haura miliyan 3 a duniya. Sunan haɗi ne: geo ta Girkanci, wato ƙasa, da cache mai asali daga Faransanci, wato maɓoya.

Ginin da ƙanen nawa ya tsuguna a gindinsa kuwa ragowar Katangar Atlantika ne, jerin maɓoyan sojoji da gidajen igwa da Jamus ta Hitler ta gina daga 1942 zuwa 1944, tun daga Norwe har iyakar Faransa da Sifen, da yawansu da gumin aikin tilas. A Longues-sur-Mer har yanzu igwogin na nan a mazauninsu, bakinsu na kallon tekun da sojojin ƙawance suka ɓullo ta cikinsa ranar 6 ga Yunin 1944. Masu wasan na son irin waɗannan wurare saboda lungu da saƙo sun yi yawa, kuma mai ɓoyewar yakan rubuta tarihin wurin a shafin ajiyarsa. Sau da yawa robar dalili ce kawai, wurin ake so ka gani.

To, ga sunayen da kuka kawo tun jiya.

Da yawa sun ce farautar taska. Ni dai ban gamsu ba. Taska wurin adana abu mai daraja ce, a robar nan kuwa ba abin da za ka sayar ka sha ko da shayi: maɓalli, 'yar tsana, guntun fensir. Wanda ya ji "taska" zai ɗauko diga, alhali dokar wasan a yau ta hana binnewa da tono. Wannan dalilin ne ma ya kayar da tonon ɓoye da wani ɗan'uwa ya kawo.

Wata 'yar'uwa daga Damagaram ta ce tsintuwa. Hajiya, kalmar na da daɗi a baki, amma tsintuwa ba a fita nemanta, dace ne. Kuma abin da aka tsinta ya ɓace wa mai shi ne, har sai an yi cigiya. Wannan kuwa mai shi ya san inda yake, yana ma zagayowa ya ga ko ruwa ya jiƙa takardar.

Wasan ɓuya: can mutum ne ke ɓuya, nan kaya ake ɓoyewa.

Jiyokashin, a bar shi yadda yake kamar kwamfuta? Kwamfuta ba mu da ita ne muka ara. Ɓoyewa da nema kuwa ba mu rasa kalmominsu ba, kuma kunnen Bahaushe zai tsaya a kan "kashin" nan ya yi ta dariya.

Wani dattijon malaminmu ne ya jefo ajiya, kuma Allah ya gafarta Malam, nan na tsaya. Ajiya tana da mai ita. Da niyya aka ajiye ta. Wanda ya taɓa ta ya san amana ce, zai mayar. Duk ƙa'idar wasan tana cikin kalmar tun kafin a yi bayani.

Saura rabin farko. Malam ya fi son neman ajiya, ya ce mafarauci ba ya mayar da abin da ya kamo daji. Gaskiya ne, Malam. Sai dai "neman ajiya" ya yi kama da wanda ya manta inda ya sa kuɗinsa, ba a jin fita da yawo a ciki. Kuma ai muna cewa ɗan jarida na farautar labari, ba mai tambayar ina naman. Don haka ni na ɗauki farautar ajiya. Mai ɓoyewa shi ne mai ajiya, mai nema mafaraucin ajiya, takardar ciki kuma takardar sa hannu.

Na tura wa ƙanen nawa. Ya ce ranar Lahadi za su koma farautar ajiya, akwai wata a bayan gidan igwa da suka yi awa guda suna lalube ba su gani ba. Malam dai har yanzu yana kan "nema".