Gasar tanis ta matan jami'o'in Amurka, yaushe aka faro ta ne?

Mai_son_tanis: Salam 'yan uwa, don Allah wa ya san asalin gasar tanis ɗin nan ta mata ta NCAA, wato hukumar wasannin jami'o'in Amurka? Naji ance 'yar wasan tanis ɗin nan Danielle Collins daga can ta fito.

Tsohon_ɗan_kallo: Wslm. Eh gaskiya ne, sau biyu ma ta ci ta ɗaiɗaiku, 2014 da 2016, tana jami'ar Virginia. Ita NCAA sai 1982 ta fara shirya wa mata gasar, kafin nan wata ƙungiya ce AIAW ke riƙe da wasannin mata, kuma fa dokar Title IX ta 1972 ce ta tilasta wa makarantu su daina fifita maza, shi yasa kuɗi suka fara shigowa ɓangaren mata.

Yar_raga: Yaya ka manta jami'ar Stanford! Su suka ɗau kofin farko a 1982, zuwa 2019 sun tara guda 20, wallahi abun na burge ni. Jami'ar Florida ke biye musu da 7.

Mai_son_tanis: Kai, ashirin? To ya ake ƙirga maki?

Yar_raga: Wasan bibbiyu maki ɗaya ne, na ɗaiɗaiku shida kowanne ɗaya, wanda ya riga kai 4 ya wuce.