Neman shawara: karanta fayil da sarrafa rubutu a C

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina haɗa 'yar manhaja da harshen kwamfuta na C da za ta karanta sunayen ɗalibai da makinsu daga fayil, kowane ɗalibi layinsa, waƙafi ya raba suna da maki. Abu biyu sun hana ni sakat: layin ƙarshe sau biyu yake fitowa, kuma tsawon wasu sunaye da strlen, mai auna tsawon rubutu, ke ba ni bai yi daidai ba. Don Allah a taimaka.

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Ina kyautata zaton while (!feof(f)) kika rubuta. Ita feof ba ta hango ƙarshen fayil, sai an yi yunƙurin karatu an tarar babu komai sannan take shaida an kai ƙarshe. A zagayen ƙarshe karatun ya faskara, sai manhajar ta sake buga abin da ya kwana a ma'aji, wato wurin da ake ajiye layin da aka karanta. Ki mayar da shi while (fgets(layi, sizeof layi, f) != NULL), an wuce wurin.

Hauwa: Wallahi haka na rubuta, Malam. Na gyara, ya daina. A wani tsohon darasi na ga gets, ita ma mai karanta layi, ba ta fi sauƙi ba?

Malam Bello: Ko kusa kada ki taɓa ta. Ba ta tambayar girman ma'aji, duk abin da aka ba ta zubawa take har ya malala ya ɓata abin da ke maƙwabtaka da shi. Tana cikin ƙofofin da tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta bi ta shiga kwamfutoci a 1988, kuma an cire ta gaba ɗaya daga ƙa'idar C ta 2011. Sai dai ki sani fgets tana barin alamar sabon layi a ƙarshe. Da layi[strcspn(layi, "\n")] = '\0' nake share ta.

Sadiya: Maganar strlen kuma, 'yar uwa, duba sunayen da suka ba ki matsala. Akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki?

Hauwa: Ƙwarai kuwa! Ɗanjuma ta ba ni 8.

Sadiya: To ba kuskure ta yi ba. Baiti (ma'aunin ajiyar bayani a kwamfuta) take ƙirgawa, ba haruffa ba. A tsarin adana rubutu na UTF-8 kowane harafi mai lanƙwasa baiti biyu yake ci, shi ya sa haruffa 7 suka zama 8. Abin ya daɗe yana damuna, domin yawancin darussan da muke koyo da su an rubuta su ne da misalan Turanci, inda harafi ɗaya baiti ɗaya ne, ba wanda ya tuna da haruffanmu. In kika jera sunaye da %-20s a printf, za ki ga layin mai ɗ ya karkace, saboda ita ma baiti take lissafawa. Mafi muni, in kika datse suna a tsakiya, kina iya raba harafi biyu, ya fito a gurguje. Don ƙirga haruffa, ki bi baiti ɗaya bayan ɗaya, ki tsallake duk wanda (b & 0xC0) == 0x80, domin wannan wutsiyar harafin baya ce.

Aminu: Wajen kwafar suna ni dai strncpy nake amfani da ita maimakon strcpy.

Malam Bello: Aminu, a nan ban bi ka ba. In rubutun ya cika ma'aji, strncpy ba ta sa sifilin rufewa mai nuna ƙarshen rubutu, sai strlen ta yi ta tafiya har inda ba a aike ta ba. Na fi son snprintf(suna, sizeof suna, "%s", tushe): tana rufewa, kuma adadin da take mayarwa yana nuna ko an datse.

Aminu: Na karɓa, Malam. Akwai kuma strlcpy, daga tsarin kwamfuta na OpenBSD ta fito, glibc, ɗakin ayyukan C da ake amfani da shi a Linux, ta saka ta a sigar 2.38 a 2023. Amma a Windows ba lalle a same ta ba. Hauwa, ki kula da strtok wajen raba waƙafi: in wani gurbi babu komai, waƙafi biyu a jere, tsallakewa take kamar ɗaya ne, kuma tana sauya asalin layin. strchr ta ishe ki. Makin kuma da strtol, ba atoi ba, domin atoi ba ta bambance sifili na gaske da rubutun banza.

Sadiya: Ƙari ɗaya da ya taɓa ci na. Na buɗe fayil da "w" ina nufin ƙara bayani, nan take aikin mako guda ya shafe. Ƙari da "a" ake yi. Kuma kullum ki duba ko fopen ta dawo da NULL, ki kira perror ta faɗa miki dalili.

Hauwa: Allah ya saka da alheri. Na sa strchr da strtol, jerin ya fito daidai. Yaya Sadiya, saura daidaita ginshiƙin sunayen, zan gwada ƙirgar haruffan in turo abin da ya fito.